Daga beli zuwa ɓatan takardu: Ayyukan da doka ta ɗora wa caji ofis ya yi wa jama'a

A unguwanni da yawa a Najeriya, ba a tuna hanyar caji ofis sai an kama wani. Amma ofishin 'yan sanda na yanki, wanda DPO ke jagoranta, yana da ayyukan yau da kullum da ya wajaba ya yi wa jama'a. Rashin sanin wanda ake yi kyauta da wanda ake biya shi ke sa talaka ya sayar da akuyarsa ya biya kuɗin da babu shi a doka.

Kai ƙara da beli

Kai rahoton sata, ɓatan yaro ko barazana kyauta ne. Haka ma beli, kamar yadda aka rubuta a bangon ofisoshi da dama, duk da cewa har yanzu jama'a na kukan ana karɓar kuɗi a hannunsu.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Laifukan da hukuncinsu kisa ne ba sa cikin wannan ƙa'ida.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani. Ba a tsare uba don ɗansa ya gudu, ko mata don ba a ga mijinta ba. Ta kuma hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, domin wannan hurumin kotu ne.

Mace ma tana da ikon tsaya wa wanda aka kama, kamar yadda dokar shari'ar masu laifi ta tarayya ta 2015 ta tabbatar.

Takardun da ake biya

Wanda takardar makaranta ko ta fili ta ɓace masa yakan fara yin rantsuwa a kotu, sannan 'yan sanda su ba shi shaidar cewa ya kai rahoto. Da ita yake neman sabuwar takarda. Mai neman aiki ko karatu a ƙasar waje kuma sau da yawa ana buƙatar ya kawo shaidar cewa ba a taɓa samun sa da laifi ba, wadda ake bayarwa bayan ɗaukar hoton yatsu.

Waɗannan ana biyan kuɗinsu, amma ta shafin POSSAP na rundunar, kuma da rasit. Ba a hannun jami'i ake danƙawa ba.

Idan gaggawa ta taso

Lambar 112 kyauta ce a duk layukan waya. Sannan tun 2017 doka ta tilasta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Asibitin ne zai sanar da ofishi mafi kusa cikin awa biyu da fara yi masa magani.

Ina za a kai kuka?

A 2015, zamanin Sufeto Janar Solomon Arase, rundunar ta buɗe sashen karɓar ƙorafi na CRU, wanda ake samu ta waya da WhatsApp. Akwai kuma Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda mai ikon ladabtar da jami'ai, da kwamitin PCRC da aka kafa a 1984, inda dattawa da 'yan kasuwar yanki ke zama da DPO kan matsalolin tsaro.

Ƙorafi ya fi ƙarfi idan mai shi ya riƙe sunan jami'in, wanda ke rubuce a ƙirjin kakinsa, da sunan ofishin, da rana da lokacin da abin ya faru.