Borin Jiki da Kumburin Laka: Tace Gaskiya daga Jita-jita

Duk mai fama da asma, ko ƙaiƙayin fata, ko murar atishawa, idan ya ji an ce borin jiki yana iya kaiwa ga lakar da ke cikin ƙashin baya, lalle hankalinsa zai tashi. Saboda haka wajibi ne a bi wannan mas'ala da hujja, a ware yaƙini daga zato.

Cewa cutar kumburin laka mai alaƙa da borin jiki tana nan, wannan haƙiƙa ne. A shekarar 1997 Jun-ichi Kira da abokan aikinsa na Jami'ar Kyushu a Japan suka bayyana ta a jikin manya huɗu masu ƙaiƙayin fata, waɗanda lakarsu ta kumbura a daidai wuya, jininsu kuma ya cika da sinadarin IgE mai yaƙi da ƙananan ƙwarin da ke zaune cikin ƙurar katifa da matashi. Galibin alamunta su ne sagewar hannuwa da ƙafafu, da jin kamar ana tsira allura a yatsu.

Amma da'awar cewa kowane mai asma yana kan hanyar shanyewa batil ce, domin masu borin jiki ba su ƙidayuwa a duniya, alhali wannan cuta nadiran ake samunta, akasari kuwa a Japan. Haka nan ba shan inna ba ce, ba kuma ɗaukarta ake yi daga wani ba.

Mafi hatsarin shubuhohin shi ne zaton cewa gwajin jini kaɗai ya wadatar. Ƙa'idojin da likitocin Japan suka shimfiɗa a 2012 sun sharɗanta a ga shaidar kumburin laka, a tabbatar da borin, sannan a kore sauran illoli masu kama da ita, kamar ƙari, da zaizayar ƙashin wuya, da tsutsotsi masu shiga laka. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi nauyi a ƙasarmu, inda tsargiya take ɗaga IgE kuma ƙwan tsutsarta yake iya sauka a laka, inda kuma tarin fuka yake cin ƙashin baya. Wanda aka yi wa kuskuren suna, an yi masa kuskuren magani.

Ba gaskiya ba ne kuma cewa babu magani, gama ana samun sauƙi da allurar siteroyid ko tace ruwan jini. Don haka wanda hannunsa ya sage ya ƙi saki, ko ƙafarsa ta yi nauyi, ko fitsari ya gagare shi, ya hanzarta zuwa ga likitan jijiya, kada ya tsaya fatawar bakin titi.