Sunayen Dinozor Masu Cin Nama da Yadda Za a Shigar da Su Hausa

A duwatsun Kutus, arewa da Gure, an taɓa samun ƙasusuwan dinozor ba tare da an raɗa musu suna ba. Dalili kuwa, bisa ƙa'idar masana ba a raɗa wa dabba suna sai an sami alamar da ta raba ta da ƴan'uwanta. Sunan kansa kashi biyu ne, na dangi da na iri, galibi daga Latinanci ko Girkanci.

Mu ɗauki Afrovenator abakensis, wanda Paul Sereno da abokan aikinsa suka bayyana a 1994 daga yankin Agadas. Ma'anarsa maharbin Afirka na Abaka. Wannan ya zauna. Amma dabbar da Lapparent ya kira Elaphrosaurus gautieri a 1960, da aka sake duba ƙasusuwanta a 2004 sai aka fitar da ita daga dangin, ta koma Spinostropheus gautieri. Suchomimus tenerensis na Gadufawa kuwa, wato mai kwaikwayon kada na Tenere, gardama ce a kansa. A 1998 aka raɗa sunan, bayan Taquet da Russell sun riga sun fitar da Cristatusaurus lapparenti a shekarar. Wasu masana sun ce dabba ɗaya ce. In haka ta tabbata, sunan da ya riga fita shi ne mai iko, ko da na bayan ya fi shi yaɗuwa.

Saboda haka muna ganin bai dace littattafan yaƙi da jahilci su mai da fassarar suna ta zama sunan dabbar ba, gama kowane gyara na masana zai tsufar da littafin. A bar sunan kimiyya da rubutunsa, a bi shi da bayani a Hausa.

Saura kalmar tushe. "Dodo" ba ta yi ba, domin tana jan mai karatu zuwa tatsuniya. "Ƙadangare", ko da yake yana cikin ma'anar sunan da Richard Owen ya ƙaga a 1842, ɓatarwa ce: tsuntsaye ne suka fito daga tsatson masu cin naman nan. Aro ya fi. "Dinozor" lafazin Faransanci ne, makwabtanmu na kudu kuwa na Ingilishi suka saba ji, sai a daidaita da su kafin a buga. A gwada ta kuma a azuzuwan Gure, inda masu karatu da yawa Barebanci ne harshensu na gida.