SANARWAR HUKUMA DA NAƘASASSU A UNGUWANNIN MASANA'ANTU NA KANO

MAƘASUDIN WANNAN TAKARDA

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, musamman waɗanda ƙasarsu ta haɗa da Bompai da Sharaɗa da Calawa, ko kuwa talakawansu ke zuwa can neman abinci. Abin da za a bayyana a cikinta shi ne yadda sanarwar hukuma za ta isa ga makafi da kurame da guragu da sauran naƙasassu, waɗanda yanzu ake kira masu buƙata ta musamman, da kuma yadda za su shiga ofis a biya musu bukata kamar kowa.

Galibi in hukuma tana da magana, sai a buga takarda a manna a allon ofis, ko a sa mai shela ya zaga, ko a faɗa a rediyo. Makaho ba ya ganin allo. Kurma ba ya jin shela, balle rediyo. Gurgu yana gani yana ji, amma in ofishin yana kan bene, ko kuwa akwai matakala a ƙofarsa, sai ya tsaya waje yana jiran mai taimako. Ta haka mutum yakan yi hasarar hakkinsa ba tare da wani ya nufe shi da sharri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum 1 cikin 6 a duniya yana da wata naƙasa mai tsanani. Watau da wuya a sami unguwar da wannan magana ba ta shafa ba.

DALILIN AMBATON WAƊANNAN UNGUWANNI

Bompai, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Nasarawa, ita ce mafi daɗewa, gama tun zamanin cinikin gyaɗa aka soma kafa masana'antu a cikinta. Daga baya aka buɗe Sharaɗa kashi kashi, sa'an nan Calawa a ƙasar Kumbotso, inda manyan majemu suke. Aikin waɗannan wurare yana da hatsari iri iri. Ƙarar injin masaƙa takan cinye jin mutum sannu a hankali, har ya kurumce bai san ranar da abin ya soma ba. Injin matse roba yakan yanke yatsa ko hannu. Ruwan magani na majema, in ya fantsama a ido, yana iya makantar da shi. Saboda haka akwai mutane biyu da ya kamata hakimi ya lura da su: naƙasasshen da ya zo neman aiki, da lafiyayyen da ya naƙasa a bakin aiki.

ABIN DA DOKA TA CE

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hakkin naƙasassu a 2006, Nijeriya kuwa ta sa hannu a 2007, ta tabbatar da ita a 2010. Bisa ga wannan aka yi Dokar Hana Wariya ga Naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ran 23 ga Janairu, 2019. Jihar Kano ma ta yi tata dokar a 2018. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuran naƙasassu. Ga manyan abubuwan da dokar tarayya ta ƙunsa:

1. Wanda ya nuna wa mutum wariya saboda naƙasarsa, za a ci shi tarar naira 100,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. In kamfani ne, tarar naira 1,000,000 ce.

2. An ba da shekara 5 domin a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, yadda naƙasasshe zai iya shiga. Wannan wa'adi ya cika a Janairun 2024.

3. Ma'aikatun hukuma su yi iyakar ƙoƙari su ga naƙasassu sun kai kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu.

4. Inda ake bin layi, a fara sallamar naƙasasshe.

Akwai kuma Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010. Ta wajabta wa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun inshorar ma'aikata da aka fi sani da NSITF, ba kuwa daga albashin ma'aikaci za a cire ba. Daga wannan asusu ake biyan diyyar rauni da cutar da aiki ya jawo, har da kurumcewa. Amma fa dokar tana da wa'adi. Ma'aikaci, ko wani nasa, ya sanar da mai kamfani cikin kwana 14. Mai kamfani ya kai rahoto cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuwa a shigar da ita cikin shekara 1, in ba da uzuri mai ƙarfi ba.

A ɗauki misali. Ga leburan majema wanda magani ya ɓata wa ido. An sallame shi daga asibiti, ya koma gida yana jinya, 'yan'uwa suna zuwa sannu. Bayanin wa'adi yana nan rubuce a bangon wani ofis, shi kuwa ba ya gani, ba kuma wanda ya karanta masa. Kafin ya ji labari shekara ta zagayo. In da mai unguwarsa ya san ƙa'idar, da magana ɗaya ta ishe shi.

YADDA SANARWA ZA TA ISA GA MAKAFI

Hanyar farko ita ce murya. Ko wace sanarwa da aka manna, a karanta ta a fili a ƙofar hakimi da ta dagatai, a roƙi limamai su maimaita ta bayan salla, in hali ya yi kuma a kai ta gidan rediyo.

Hanya ta biyu ita ce wayar hannu. Wayoyin zamani suna da na'urar da ke karanta wa makaho rubutu da murya, irin su TalkBack da VoiceOver. Kuskuren da malaman ofis suka fi yi shi ne su ɗauki hoton takarda su aika. Sau da yawa na'urar ba ta iya karanta abin da ke cikin hoto sosai, balle in rubutun hannu ne ko hoton ya yi dishi-dishi. Abin da ya kamata shi ne a buga maganar da haruffa a cikin saƙon kansa. Tun da yake kuma na'urar takan karanta Hausa da lafazin baƙo, ya fi kyau malami ya ɗauki muryarsa yana karanta sanarwar a natse, ya haɗa da rubutun.

Hanya ta uku ita ce rubutun makafi, wanda Louis Braille, wani makaho mutumin Faransa, ya fitar a 1829. Ɗigo 6 ne masu tudu, ana jera su iri iri, ana shafawa da yatsa. Tun 1953 ake koyar da shi a makarantar makafi ta Gindiri. Amma a lura, wanda ya makance da girmansa galibi bai koye shi ba, don haka wannan rubutu ba ya ɗauke wajibcin karantawa da baki.

Akwai kuma masu raunin gani, kamar tsofaffi da zabaya. Su bukatarsu manyan haruffa ne, baƙin tawada a kan farar takarda, a manna daidai tsayin ido, a wuri mai haske. In an ƙara da ajami, dattawa da yawa za su amfana.

In za a sa makaho ya dangwala yatsa a takarda, tilas ne a karanta masa ita tun daga farko har ƙarshe, a gaban shaidan da shi ya zaɓa da kansa. Wannan ya fi ƙarfi ga takardar karɓar kuɗin sallama ko ta yafe magana.

YADDA ZA TA ISA GA KURAME

Kada a zaci cewa rubutu kaɗai ya wadatar. Wanda aka haifa kurma bai taɓa jin Hausa ba, saboda haka karatunta yakan yi masa nauyi. A taƙaita magana, a rubuta rana da wuri da yawan kuɗi da lamba, a ƙara da zane in zai yiwu.

Harshen kurame na ainihi shi ne maganar hannu, a Kano kuwa iri biyu ake yi. Akwai ta gargajiya wadda bebayen ƙasar Hausa suka gada tun kaka da kakanni, har mahauta da 'yan kasuwa da yawa sun iya ta. Akwai kuma ta makaranta, wadda ta samo asali daga ta Amurka, Andrew Foster ya kawo ta Ibadan a 1960. Makarantar Tudun Maliki, da aka buɗe a Kano a 1977, ta yaye ɗalibai masu yawa da suka iya ta. To, kafin a kira tafinta, a fara tambaya wace iri mutumin yake yi.

Malami ya fuskanci kurman kansa in yana magana, ba tafintan ba. Kada ya ɗaga murya, gama ba ta da amfani. A ofishin da ake kiran suna daga taga, a sa masinja ya je ya taɓa kafaɗar mutumin, ko a rubuta lambarsa a allo, don kada a wuce shi yana zaune.

ƘOFAR OFIS

Maganin matakala shi ne gangara ta siminti mai kaushi, da ƙarfen dafawa a gefe. Ma'aunin da magina suka sani shi ne, in tudun ƙofa ya kai ƙafa 1, tsawon gangarar ya zama ƙafa 12. Wadda ta fi wannan tsayuwa tana iya kifar da keken gurgu. Faɗin ƙofa ya kai wajen ƙafa 3. Kwatar da ke gaban ofis a rufe ta, gama rami ne ga makaho, katanga ce ga gurgu.

Inda gini tsoho ne, kuɗin gyara kuma bai samu ba tukuna, a sauko da teburin karɓar jama'a ƙasa, a sa benci a inuwa. Wannan ba ya cin ko kwabo. Wanda ya rasa yatsu, ko ta cuta ko ta inji, kada a kore shi don ba zai iya dangwalawa ba. A rubuta halin da yake ciki, a bi hanyar da ƙa'idar wannan ofis ta tanada.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Ƙasar Kano ba baƙuwa ba ce ga wannan tsari. Tun da daɗewa akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare da Sarkin Bebaye, ko wanne da jama'arsa. Ban da su akwai ƙungiyoyin zamani, har da ta waɗanda shan inna ya naƙasa, masu ƙera kekunan guragu da hannunsu. Hanyar isar da saƙo tana nan, bin ta kaɗai ya rage. Ana bukatar hakimi ya kula da waɗannan:

1. Ya sa dagatai da masu unguwanni su kawo sunayen naƙasassun da ke ƙasarsu, da irin naƙasar, da sana'ar da ko wanne ya iya, bisa yardarsu. Malami ya adana littafin, ba a nuna shi ga wanda ba ruwansa.

2. Ko wace sanarwa ta ɗaukar aiki, ko rajista, ko rigakafi, ko tallafi, a aika kofenta ga sarakunan naƙasassu da ƙungiyoyinsu a ranar da ta iso.

3. Mai unguwa in ya ji an ji wa wani rauni a kamfani, ya je gaishe shi a makon nan, ya gaya masa wa'adin kwana 14 da na shekara 1. Malami ya taimaka wajen rubuta takardar sanarwa, a ajiye kofe mai kwanan wata, tare da takardun asibiti, ko na ƙashi da ke Dala ne ko na ido.

4. Bayan kwana 3 da fitar sanarwa, a tambayi makaho ɗaya da kurma ɗaya da gurgu ɗaya abin da suka fahimta. In amsarsu ta saɓa da abin da aka nufa, a sake sanarwar.

5. In za a yi sabon gini ko gyara, a kira mai keke ya gwada ƙofar kafin magini ya karɓi cikon kuɗinsa.

Ya kamata kuma a san iyakar aikin. Ba hakimi ke yanke yawan diyya ba, ba shi ke duba injin kamfani ba. Wannan aikin jami'an ma'aikatar ƙwadago ne da na asusun inshora. Nasa shi ne ya tabbata labari ya isa, ya zama shaida, ya kuma kai kuka gaba in an ƙi sauraron talakansa.

Daɗa abin da ake nema ba sadaka ba ne, hakki ne wanda doka ta tabbatar. Makahon da ya ji sanarwa a kan kari, da gurgun da ya shiga ofis da kansa ya sami aiki, sun fita daga sahun masu bara, sun shiga na masu ciyar da iyali. Ana fata hakimai za su sa a karanta wannan takarda a zaman majalisarsu na gaba, dagatai da masu unguwanni suna halarce.