Matar da ke wanki a kan ƙanƙara: Abin da ya kamata ku sani

Wane zane ne wannan?

Sunansa Avannolla, kuma Pekka Halonen ne ya yi shi a 1900. Ya yi amfani da fentin mai, wato launin da ake kwaɓawa da mai a shafa a kan ƙyalle mai kauri. Idan kun dube shi, za ku ga wata mace a kan tafkin da ya daskare, tana wanki a bakin ramin da aka fasa cikin ƙanƙara. Ko'ina fari fat da dusar ƙanƙara.

Me zai kai mutum wanki a wannan sanyi?

Kuna iya zaton mai zanen ne ya ƙirƙiro abin. A'a, haka rayuwar ƙauye take a Finland a wancan zamani. Da hunturu, saman tafki kan sandare har a yi tafiya a kai, amma ruwan ƙasa yana nan. Sai a fasa rami don a kai gare shi. Mata kan wanke tufafi da ruwan zafi a gida, sannan su kai su tafki su ɗauraye, hannuwa na raɗaɗi saboda sanyi.

Wane ne Halonen?

An haife shi a 1865 a Lapinlahti da ke Finland, cikin gidan manoma, ya rasu a 1933. Ya koyi zane a Helsinki da Faris, har ya yi karatu a wurin Paul Gauguin. Da yake ɗan ƙauye ne, ya san wahalar aikin da ya zana, shi ya sa bai yi wa matar kwalliya ba. Ya nuna ta yadda take, da mutuncinta.

Me ya sa zanen ke da muhimmanci?

Tun 1809 Finland na ƙarƙashin Rasha, da ɗan 'yancin tafiyar da harkokinta na cikin gida. A 1899 Sarkin Rasha Nicholas na Biyu ya fara tauye wannan 'yanci. Da aka zo babban baje kolin duniya na Faris a 1900, Finland ta samu rumfarta, kuma domin wannan rumfa aka yi zanen. Ta hanyar mace mai wanki, mutanen ƙasar suka shaida wa duniya cewa suna da ƙasa da al'ada da juriya irin tasu. Sun samu 'yancin kai a ranar 6 ga Disamba, 1917.

A ina za ku gan shi, kuma nawa ne?

Yana cikin tarin Ateneum, gidan ajiye zane-zane da ke tsakiyar Helsinki. Manya na biyan kuɗin shiga, 'yan ƙasa da shekara 18 kuwa kyauta ne. Ba sai kun je can ba: ku rubuta sunan zanen da na mai shi a intanet, hotonsa zai fito a wayarku.