Zuciyar da ta gaji ba bulala take so ba

Manoma da makiyaya na Tanut da Balbeji, kun san zurfin rijiyoyin Damargu. Kun san kuma san da ke jan guga: in ya gaji aka ƙara masa bulala, zai yi sauri kaɗan, daga baya ya faɗi. Haka zuciyar mutum take.

Hawan jini, wanda muke kira tansiyo, in ya daɗe ba magani yakan gajiyar da zuciya. Ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, mutum ya kasa barci sai a jingine.

A naman zuciya akwai wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, aikinsu kamar na kunne. Su ne ke jin kiran wani sinadari na jiki, adirenalin, mai sa zuciya sauri. In zuciya ta raunana, jiki ya dinga zuba shi dare da rana. Wannan ita ce bulalar. Kunnuwan su ragu, sauran su kurumce, zuciya ta ƙara lalacewa.

Wasu magungunan tansiyo, kamar bisoprolol da metoprolol, sukan rufe kunnuwan nan. Bugun zuciya ya lafa, ta samu hutu, sannu a hankali ƙarfinta ya komo. Likitocin ƙasar Suwidin suka fara ba da rahoton gwada haka a 1975. A 1999, wani bincike a Turai kan mutum 2,647 ya nuna bisoprolol ya rage mutuwa da wajen kashi ɗaya cikin uku.

Amma sai da haƙuri. Likita yakan fara da kaɗan, ya ƙara bayan mako biyu ko fiye. Da farko kuna iya jin kasala. Amfanin sai bayan wata biyu ko uku. Kada ku daina sha gaba ɗaya, zuciya na iya rikicewa. In za ku tafi kiwo ko ci-rani, ku karɓi abin da zai ishe ku. Mai fuka ya gaya wa likita. Kada ku saya wurin masu talla a kasuwa.

Ku rage gishiri da kanwa, don suna tara ruwa a jiki. Masu jego su kula: a shekarun 1970 likitocin Zariya sun danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da wankan ruwan zafi.

Wanda ya karanta, ya gaya wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu lafiya.