Idan Shafin Gwamnati Ya Ƙi Karɓar Hotonka

Da damina ta kusa, sakataren wata ƙungiyar gama kai a yankin da nake aiki ya zo wurina da magariba, ransa a ɓace. Ana rajistar manoma domin sayen taki da rangwame, saura kwana biyu a rufe, kuma sunayen mutum 34 suna hannunsa. Ya cika kome a shafin intanet na gwamnati, amma duk sa'ad da ya sa hoton mutum sai shafin ya ƙi karɓa. Yana tsammani wayarsa ce ta lalace. Ashe nauyin hotunan ne ya yi yawa.

'Yan'uwa manoma, hoto ma yana da nauyi kamar hatsi. Ana auna shi da kilobait da megabait, waɗanda waya takan rubuta KB da MB. Megabait 1 wajen kilobait 1,000 ne, kamar yadda kilo ɗaya yake giram 1,000. Wayoyin yanzu sukan ɗauki hoto mai megabait 2 zuwa 5, domin hoton ɗigo-ɗigo ne, wani har ɗigo miliyan 12. Ita kuwa hukuma hotunan dubban mutane take ajiyewa, rumbunta yana da iyaka, saboda haka takan ƙayyade nauyi, sau da yawa ƙasa da megabait ɗaya. Kowane shafi da nasa ma'aunin. Karanta abin da aka rubuta kusa da wurin sa hoton tun kafin ka fara.

Ga yadda muka yi a daren nan.

Na farko, yanke gefe. Hukuma fuskar mutum da kafaɗunsa take bukata, ba rumbu da awakin da ke bayansa ba. A tsayar da shi jikin farin bango inda akwai haske, a ɗauka, a yanke sauran.

Na biyu, rage girma. Wayoyi da yawa suna da wurin rage girman hoto, a kwamfuta kuma Paint yana yin wannan aikin. Hoto mai ɗigo 600 a faɗi da 800 a tsawo ya ishi fuska, nauyinsa kuma yakan sauko ƙwarai.

Na uku, in babu wannan, aika wa kanka hoton ta WhatsApp. Shi da kansa yakan matse shi. Amma fa ka aika shi a matsayin hoto, kada ka zaɓi HD ko ka aika shi kamar takarda. Sa'an nan ka duba nauyin sabon.

Na huɗu, duba irin hoton. Yawancin shafuna JPG suke karɓa. PNG yakan fi nauyi. Wayar iPhone kuwa tun 2017 tana ajiye hoto da wani tsari mai suna HEIC, wanda shafuna da dama ba su karɓa, sai an juya shi zuwa JPG.

Sai a kiyaye abu biyu. Kada garin neman gira a rasa ido: in an matse hoton takarda har lamba ko hatimi ba su karantuwa, za a iya mayar da ita. Ka ajiye hoton asali, ka rage kwafinsa. Kuma kada a ɗora katin shaidar ɗan ƙasa ko takardar banki ta wani a shafin rage hoto da ba ku sani ba, gama amana ce aka ba ku.

Kafin ƙarfe goma na dare mun gama mutum 34 ɗin duka. Shawarata ita ce, a taronku na gaba ku ɗauki hoton kowane ɗan ƙungiya, ku rage shi, ku sa masa sunan mai shi, sakatare da ma'aji kowa ya ajiye. Ranar wanka ba a fara neman sabulu.