Kulocin Kwamfireson Sanyaya Mota: Aikinsa, Gyaransa da Kalmominsa a Hausa

1.0 Gabatarwa

Nazarin sana'o'in Hausawa ya fi karkata ga ƙira da jima da saƙa da dukanci, alhali kanikanci ya daɗe da zama sana'ar da ake koya, ake kuma gudanarwa da Hausa. Wannan maƙala ta ɗauki sassa ɗaya na mota, wato kulocin kwamfireson na'urar sanyaya iska, wadda direbobi ke kira esi, domin bayyana yadda yake aiki da yadda ake gyara shi. An dubi batun ta fuskar mai mota a Ruwan Godiya cikin ƙaramar hukumar Faskari ta jihar Katsina, wanda babban gari mafi kusa da zai nemi ƙwararren bakanike shi ne Funtuwa. Manufar ita ce a nuna cewa ba duk daina sanyi ne mutuwar kwamfireso ba, kuma Hausa na da ƙarfin ɗaukar wannan bayani a rubuce.

2.0 Ma'anar Kuloci da Aikinsa

Kwamfireso shi ne ke matse gas ɗin sanyi yana zagaya da shi cikin bututu, kuma daga inji yake samun ƙarfi ta hanyar belti. Tun da belti ba ya tsayawa muddin inji na aiki, dole a sami abin da zai haɗa kwamfireso da shi, ya kuma raba su. Wannan shi ne aikin kuloci. Motocin Packard na Amurka da suka fara fitowa da na'urar sanyaya iska a wajajen 1940 ba su da shi, sai direba ya cire belti kafin na'urar ta tsaya. A shekarun 1950 ne aka shigo da kuloci mai aiki da maganaɗisu.

Sassa uku ne suka haɗa shi. Na farko fuli, wanda belti ke juyawa a kan boris. Na biyu koyil, wato naɗin waya da ke zama maganaɗisu idan wutar batir mai ƙarfin bolt 12 ta shige shi. Na uku farantin gaba, wanda ke ɗaure da sandar kwamfireso. Da an kunna esi, koyil zai jawo faranti ya manne da fuli, a ji ƙas, kwamfireso ya fara juyi. Tsakanin faranti da fuli akwai rata, wadda a yawancin motoci ba ta fita daga milimita 0.3 zuwa 0.8.

3.0 Dalilan Lalacewa

Duk haɗuwa da rabuwa na cin fuskar faranti kaɗan, don haka rata ke faɗaɗa a hankali. Sannan koyil na rage ƙarfi idan ya ɗauki zafi. Wannan ya sa ake ganin mota tana sanyi da safe, amma da rana ta take a watannin bazara, Maris zuwa Mayu, sai sanyin ya ɗauke: koyil mai zafi ya kasa jawo faranti daga nesa. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin da ba kwalta kuwa boris take ci, ya fara kuka ko da esi na kashe.

Wannan kuka ba abin rainawa ba ne. A motoci da dama belti ɗaya ne ke juya kwamfireso da na'urar cajin batir, wasu har da famfon ruwa. Idan boris ya cije, belti ya tsinke, caji zai tsaya, inji ya yi zafi. A yankin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, inda matsalar tsaro ta sa direbobi ke gudun dare ya riske su a hanya, lamarin ya wuce batun jin daɗi.

4.0 Matakan Bincike da Gyara

Bakanike mai lura ba ya fara da kwancewa. Da fari yakan auna gas, domin akwai makunnin kariya da ke hana wuta isa koyil idan gas ya yi ƙasa, don kada kwamfireso ya yi aiki ba mai. Daga nan sai fis da rile da wayoyi. Idan wuta na isa amma faranti bai motsa ba, sai a auna juriyar koyil da mita, wadda galibi kan kasance tsakanin om 3 da 5. Bayan an kashe inji, sai a juya faranti da hannu. Idan ya ƙi juyawa, ciwon na cikin kwamfireso ne, kuma sabon kuloci ba zai magance shi ba.

Idan rata ce ta yi yawa, sai a riƙe faranti, a kwance ƙusar tsakiya, a zare shi. A bayansa akwai siraran washa, waɗanda su ke tsayar da rata. Rage ɗaya, ko musanya ta da wadda ta fi siranta, kan dawo da aiki, sai a sake aunawa a wurare uku da ma'aunin rata. Idan ratar ta matse fiye da kima, faranti zai riƙa gugar fuli har ya ƙone. Canza boris ko koyil kuwa yana buƙatar cire zoben ƙarfen da ke riƙe da kowannensu. Ba a barin mai ko giris a fuskar faranti, domin zai sa shi santsi.

Muhimmin abu shi ne, inda hannu ke isa, ana yin duk wannan ba tare da an buɗe bututun gas ba. Mai mota ya tsira daga sayen kwamfireso na hannu daga kasuwa irin Ƙofar Ruwa ta Kano, da kuɗin sabon gas. Muhalli ma ya amfana: an bar gas R-12 bayan Yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya, kuma R-134a da ya gaje shi yana cikin masu ɗumama yanayi. Sai dai wasu sababbin motoci ba su da wannan kuloci, don haka wajibi ne a tantance irin kwamfireson kafin a taɓa.

5.0 Kalmomin Sana'ar

Kalmomin da aka yi amfani da su a sama iri biyu ne. Akwai na aro daga Ingilishi da suka bi tsarin sautin Hausa: an saƙa wasali tsakanin baƙaƙe a kuloci da giris, kamar yadda aka yi a birki, an kuma mayar da sautin p zuwa f a fuli da kwamfireso, kamar a fulogi. Akwai kuma kalmomin gida da aka faɗaɗa ma'anarsu: boris yana kuka, faranti ya cinye, fuli ya cije. Sunaye ne aka fi arowa, aikatau kuwa na Hausa ne, kuma da su ake bayyana ciwon na'ura tamkar na mai rai.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa gyaran kuloci ya dogara ne kan bin matakai: gas, wuta, koyil, sannan rata. Ta kuma nuna cewa Hausa na bayyana waɗannan matakai ba tare da tangarɗa ba. Abin da ya rage wa sassan nazarin Hausa shi ne tattara kalmomin gareji daga bakin masu sana'ar, a daidaita rubutunsu, domin ɗan koyo a Funtuwa ko Faskari ya sami littafin da zai karanta da harshen da maigidansa ke koyar da shi.